"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": shin ta hau kan Ohtani?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce wadda kakarmu ke jefa wa duk wanda bakinsa ya cika zuba a cikinmu: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya tuno min da ita labarin Shohei Ohtani ne, ɗan ƙasar Japan mai wasan besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo mutum ya make ta da sanda. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ta ɗauke shi a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Ko ina ya sa ƙafa 'yan jaridar ƙasarsu na biye da shi. Duk da haka, ranar 29 ga Fabrairu 2024 sai kawai aka wayi gari ya rubuta a Instagram cewa ya yi aure. Babu wanda ya taɓa jin ƙishin-ƙishin yana neman aure, kuma ko sunan amaryar bai faɗa ba, ya dai ce 'yar Japan ce. Sai da aka yi wajen mako biyu, za su tashi zuwa Koriya ta Kudu, sannan aka ga hotonsu tare, aka gane Mamiko Tanaka ce, wadda ta taɓa buga ƙwallon kwando a ƙungiyar Fujitsu Red Wave. To masana, wannan shi ne abin da Bahaushe yake nufi, ko na ɗora karin maganar a inda ba wurinta ba?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka yi nisa da hanya ba, amma bari mu fara da kalmar. A wurin Bahaushe ciki rumbu ne. Shi ya sa muke cewa wane ya bar wa cikinsa, wane yana da zurfin ciki, ko ta ciki na ciki. Sai dai inda na fi jin manya suna faɗin wannan magana shi ne in yaro ya ga wani abu a gidan mutane, ko ya ji abin da ba a so ya ji, ya dawo yana sakin baki. Wato asirin wani ne aka ce ka haɗiye. Shi kuwa mutumin nan naka nasa asirin ya riƙe. Riƙe naka ba wuya, kowa na son kansa. Riƙe na wani shi ne jarrabawar.

Uwar Biyu: Malam, ku gafarce ni, ni fa ban ga abin yabo a nan ba. Aure ne fa, ba ciwon ɓoye ba. Don me ake raba goro da alawa, don me maroƙi ke ɗaga murya a wurin ɗaurin aure? Don kowa ya shaida. Namiji ya ce ya yi aure amma ba zai faɗi wadda ya aura ba, in ni ce matar sai na tambaye shi ko kunyata yake ji.

Baƙon Osaka: Yaya, na yi karatu a Japan, bari in sa baki. Aurensu ba ya buƙatar taro. Takarda ce ake cikewa, shaidu biyu su sa hannu, a kai ofishin ƙaramar hukuma, shi ke nan aure ya ɗauru. Biki kuwa ganin dama ne, wasu sai bayan watanni suke yi, wasu ba sa yi sam. Kenan bai ɓoye wa iyaye ko hukuma ba, 'yan kallo ya ɓoye wa.

Kuma ba shi ya fara ba. A 2008 Hideki Matsui, shi ma ɗan Japan mai wasan besbol, lokacin yana ƙungiyar Yankees ta New York, ya tara 'yan jarida ya ce ya yi aure. Da aka nemi a ga amarya, sai ya ɗaga wata takarda da aka zana fuskarta da hannu. Iyakar abin da suka samu kenan. Dalili shi ne in aka san matar ɗan wasa a can, ba ta ƙara zuwa cefane cikin kwanciyar hankali. Shi kansa Ohtani, da ya sayi gida a wajen Los Angeles a 2024, wasu gidajen talabijin na Japan suka je suka ɗauko gidan suka nuna wa duniya, har da tambayar maƙwabta. Daga baya sai da ɗaya daga cikin gidajen talabijin ɗin ya fito ya ba da haƙuri.

Uwar Biyu: To in don kare ta ne na sassauta. Amma ban janye duka ba.

Baƙon Osaka: Ai Yaya, mutumin da sunan karensa ma sai da ya yi kusan wata guda yana ja wa mutane rai kafin ya ce Dekopin ne.

Ɗan Maraɗi: Kun tsaya a kan amarya da kare kun bar babbar magana. Ni a ganina wannan labarin ƙaryata karin maganar yake yi, ko kuma a ce yana nuna inda take da rami. Kun manta da tafintansa, Ippei Mizuhara? Sun san juna tun 2013 a ƙungiyar Nippon-Ham Fighters ta Japan, ya biyo shi Amurka a 2018. Shi ne bakinsa, shi ne kunnensa, shi ya raka shi banki aka buɗe asusun da albashinsa ke shiga. Ashe mutumin caca ta cinye shi. Ya sauya lambar waya da adireshin imel ɗin da ke kan asusun, yana kiran banki yana cewa shi ne Ohtani, har ya kwashe kusan dala miliyan 17. A watan Maris na 2024 asiri ya tonu suna birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kwana kaɗan bayan an ga hoton amarya. A Fabrairun 2025 kotu ta ɗaure shi wata 57.

Ga wurin da nake so ku duba. Ohtani yana da wakili, yana da masu kula masa da lissafi da haraji. Me ya hana su gani? Masu gabatar da ƙara sun ce duk lokacin da suka nemi duba wannan asusun, sai tafinta ya ce musu maigidan ba ya son kowa ya leƙa, sirrinsa ne. Su kuma suka yarda, don sun san halinsa na rashin son a shiga harkarsa, kuma ba sa jin Japananci balle su tambaye shi baki da baki. Kun ga zurfin cikin nasa shi ne bargon da ɓarawo ya lulluɓa da shi.

Ɗan Gwammaja: Kai! Wannan ɓangaren ban taɓa haɗa shi da maganar ba.

Alhaji Mai Atamfa: Ni dai abin da zan ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na yi shekara 30 a kasuwa. Akwai yaron shagon da na riƙa kamar ɗan cikina, shi ke zuwa banki, shi ke riƙe da littafi, ko 'ya'yana ban bari su san cinikin rana ba. Sai da na zo sarin kaya na tarar rabin jarin babu. Na yi kuka da shi, amma na fi kuka da kaina. Mutum ya yi shekara biyu ana ɗibar masa miliyoyi bai duba ba? Ko bai sani ba, sakacinsa ne ya yi warin.

Baƙon Osaka: Alhaji, a yi masa adalci. Da farko tafintan ya shaida wa 'yan jarida cewa Ohtani ne ya yarda ya biya masa bashin, washegari ya janye. Mutane da yawa suka ce ai bakinsu ɗaya. Hukumomin Amurka suka bi saƙonnin wayoyinsu, suka saurari muryar da aka naɗa a kiran banki, suka ce shi aka zalunta, babu hannunsa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sannan ku tuna irin tashin da ya yi. An haife shi a 1994 a jihar Iwate, can arewacin Japan. Babansa ya yi wasan besbol a ƙungiyar kamfani, mamarsa 'yar wasan badminton ce. Tun yana yaro filin wasa ya sani, ko da ya zama ƙwararre a Japan a ɗakin kwanan ƙungiya ya zauna. Mutumin da ya yarda a riƙa ba shi dala miliyan 2 a shekara, sauran miliyan 680 a biya shi bayan kwantiragi ya ƙare, ba mai kwana yana ƙirga kuɗi ba ne.

Alhaji Mai Atamfa: Ban ce ɓarawo ba ne, ɗana. Daddawa ma ai ba ta saci komai ba.

Malam Na-Zazzau: Alhaji ya kare kansa da kyau, amma ina da ja. "In ɓera da sata" ana faɗinta ne inda wanda aka cuta ya yi abin da ya jawo, kamar mai baje dukiya a idon mayunwaci. Wanda ya amince wa abokin shekara goma bai yi wari ba, amana ya bayar. In muka ce duk mai amincewa yana da laifi, to mun ba maciya amana rabin gaskiya kyauta. Wadda ta fi dacewa a nan ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba halinsa ba ce, harshe ne. Duk maganar da za ta shiga kunnensa ko ta fita daga bakinsa sai ta bi ta mutum ɗaya. Ko ranar da abin ya fashe, da tafintan ya tashi yana yi wa 'yan wasa bayani da Turanci, shi Ohtani yana zaune bai gama fahimtar abin da ake cewa ba, sai da suka koma masauki.

Game da maganar Ɗan Maraɗi kuwa, ban yarda labarin ya ƙaryata karin maganar ba. An ce ba don tuwo *kaɗai* ba. Ba a ce komai a tura ciki ba. Kuma ku lura, a cikin mutanen nan biyu wa ya fi zurfin ciki? Tafintan ne. Kullum suna tare a fili da mota da wurin cin abinci, yana ɗauke da bashin miliyoyi, fuskarsa ba ta nuna ba.

Ɗan Maraɗi: To ai Malam kun dawo gidana. In ɓarawon ma ya cika sharaɗin karin maganar, ina amfaninta?

Malam Na-Zazzau: Bai cika ba. Shi laifinsa ya ɓoye, ita kuwa mutuncin mutane aka ce a ɓoye. Kakar Ɗan Gwammaja ba ta taɓa faɗa wa yaron da ya saci nama a tukunya wannan magana ba, na tabbata.

Ɗan Gwammaja: Wallahi kuwa Malam, wannan muciya take ɗauko masa.

Uwar Biyu: Ni har yanzu hankalina na wurin matar. Aure bai yi wata guda da fitowa fili ba wannan masifa ta faɗo, tana baƙuwar ƙasa, kyamara a kanta duk inda ta zauna a filin wasa. Ba a ji ta ce uffan ba. In akwai wanda karin maganar nan ta hau kansa daidai, ita ce, don asirin wani ta riƙe kamar yadda Malam ya ce. Sun samu ƙaruwa kuwa?

Baƙon Osaka: Sun samu, 'ya mace, a watan Afrilun 2025. Shi ya sanar da kansa a Instagram.

Uwar Biyu: Masha Allah, Allah ya raya. Me aka sa mata?

Baƙon Osaka: Yaya, tafin ƙafarta kawai ya nuna a hoton.