Kufan da ke bayan garinmu: mu tona ko mu bari?

Mai tambaya, daga ƙasar Kirfi:
Assalamu alaikum. Mu matasa ne da muka kafa ƙungiyar sa kai domin tattara tarihin garinmu. Bayan ɗaukewar ruwa mun hau dutsen da dattawa ke cewa a can kakanninmu suka zauna kafin su sauko, muka tarar da tsingaro mai zane, da duwatsun niƙa da suka lotse, da tulin kashin maƙera wanda zaizaya ta tono. Wasunmu suna ganin mu zo da diga da shebur kafin daminar baɗi ta kwashe saura. Shin hakan daidai ne?

Malamin tarihi, daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, ƙannena. Ku ajiye digar nan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono irin wannan ba tare da izininta ba, amma ko da babu doka, tonon zai ɓata abin da kuke nema. Masana suna gane shekarun maƙera ne daga gawayin da suka samu kwance a inda wuta ta bar shi, kuma da zarar ƙasar sama ta cakuɗe da ta ƙasa, lissafin ya rushe ke nan. Ku ɗauki hoto da biro a gefe domin a san girman abu, ku riƙe wurin a taswirar waya, sannan ku rubuta wa hukumar da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A Yankari, matoyan tama da rijiyoyin Dukkey suna da daraja ne saboda suna nan a mazauninsu.

Wani, daga Bajoga:
Malam ya yi gaskiya, domin mu mun riga mun yi wannan kuskuren. Mun cika buhu biyu da tsingaro daga kufai uku, muka wanke su tas, muka kai wa wani masani muna alfahari. Tambayarsa ta farko ita ce wanne ya fito daga ina, sai muka tsaya muna kallon juna. Har yau buhunan suna zauren gidanmu. Abin da ya yi mana amfani shi ne hirar da muka naɗa da tsofaffi game da yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, kuma biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya tun kafin shekara ta zagayo.

Wata malama, daga Toro:
Ban yarda ku jira amsar hukuma hannu naɗe ba, domin tana iya jinkiri. Ku fara da mai gari, shi ne zai hana masu fasa dutse taɓa wurin. Kuma kada ku sanya ainihin wurin a Facebook, saboda masu neman tukunyar zinariya sun fi masana saurin zuwa. Ku kuma tambayi tsofaffin mata, su suka san irin zanen tukwanen.