Can, must, should da 'yan uwansu: me za mu kira su da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Na zo da cigiya, don na san a nan akwai malaman Turanci da na nahawu.

Ina koyar da Turanci Asabar da Lahadi bayan la'asar a Aboabo, nan Kumasi. Ɗalibaina manya ne: teloli, direbobin trotro biyu, da matan da ke kasuwanci a Kejetia. Da Hausa nake bayani, ita ce ta haɗa mu duka, har da masu Dagbani a gida. Makon jiya na rubuta kalmomi tara a allo: *can, could, may, might, shall, should, will, would, must*. Na ce Turawa na kiransu *modal verbs*. Wata Hajiya mai atamfa, wadda a haife ta haife ni, ta ce: "Malam, to da Hausa fa?" Na yi ta kame-kame har aka kira magariba.

Ita ce ma sanadin darasin. Ta tura wa wata mai sayen kaya saƙo cewa "You must pay today", alhali abin da ke ranta shi ne "ya kamata dai a biya yau". Matar ta ji kamar ɗan sanda ne ya yi mata magana, ta yi fushi. Da *should* ta sa, da ba a kai nan ba.

Ga halinsu, don a san abin da ake raɗa wa suna. Ba sa tsayawa su kaɗai, sai da aikatau a gabansu, shi ma tsirara, babu *to*. Ba sa ɗaukar *-s*: "she can sew" ake cewa, "she cans" babu shi. Tambaya ko korewa ba sa neman *do*, kansu suke yi wa aiki: "Can you come?", "I can't come". Mu kuma a Hausa aikin nasu a warwatse yake: iya, dole, tilas, ya kamata, wataƙila, za. Wasu aikatau ne, wasu ba aikatau ba, shi ya sa ba mu taɓa tara su a rumfa ɗaya mun ba su suna ba.

Na farko da ya zo mini shi ne mataimakin aikatau. Bai yi ba. *Be*, *do* da *have* ma mataimaka ne, kuma ba su muke nufi ba. Kamar a tambaye ka sunan mutum ka ce ɗan Zango ne.

Da na nemi shawara kan sunan, wasunku sun ba ni tasu. Malam na Asawase, na ga shawararka, Allah ya ƙara ilimi. Ka ce Larabawa masu koyar da Turanci kan kira su af'al naƙisa, don haka mu ce tauyayyen aikatau. Hujjar tana da ƙarfi, tauyayyu ne kam, tunda ba su da *-ing* ba su da *-s*. Amma gafarta Malam, rabin ajina sun zauna gaban malamin nahawu a Islamiyya, kuma a can naƙisa sunan kalmar Larabci *kana* da 'yan uwanta ne. In na ɗauko sunan na ɗora wa *must*, na haɗa su faɗa da karatunsu na yarinta. Sannan sunan yana faɗin abin da kalmar ta rasa ne, bai faɗi abin da take yi ba. Hajiya ba tauyewar *must* ce ta kore mata mai saye ba, nauyinta ne.

Sunan aikatau na yanayi da ka kawo kuwa, ƙanena da ke karatu a Legon, na gode, amma yanayi ya yi faɗi. Damina ma yanayi ce.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta yayarmu da ta ce gishirin aikatau. Na kwana ina juya ta. Matsalar ita ce gishiri yana da masu shi: fa, dai, kam, ma, kuwa, waɗanda ake wa laƙabi da gishirin Hausa. Abin dariya, a Turance masana harshe *modal particles* suke ce musu, wato da kalmar *modal* ɗin nan da ta hana mu barci. Amma ki duba, Yaya: "zo dai" in an cire dai, zo ɗin yana nan, ɗanɗano kawai ya ragu. Cire *might* daga "it might rain" kuwa, kin mayar da zato ya zama shirme. Abin da in an cire shi magana ta rushe ya wuce gishiri.

To ga tawa: ma'aunin aikatau, jam'i ma'aunan aikatau, a aji a taƙaice ma'auni.

Kalmar *modal* daga *modus* ta Latin ta fito, kuma cikin ma'anoninta akwai awo. Amma ko ba Latin, ku gwada da jimla ɗaya. "He might be at Kejetia": wataƙila yana can. "He should be at Kejetia": bisa al'ada yanzu yana can. "He must be at Kejetia": lalle yana can, na ci rantsuwa. Mutum ɗaya, kasuwa ɗaya, abin da ya sauya shi ne yawan tabbacin mai magana. Haka ma wajen umarni: *may* an ba ka dama, *should* an ba ka shawara, *must* an ɗaure ka. Duk matar da ta taɓa auna masara da olonka ta san bambancin a shafe da a cike har da tozo.

Kuma awon nan ba wasan aji ba ne. Dokar fassara dokoki ta Gana, Act 792 ta shekarar 2009, ta zauna ta fayyace cewa in doka ta ce *may* izini ne, in ta ce *shall* wajibi ne. A titi kuwa *shall* ta kusa mutuwa, sai a "Shall we go?" kawai ake jin ta.

An yi mini ƙorafi biyu, kuma duka masu kyau ne. Na farko: *will* lokaci take nunawa, me take aunawa? Asalinta a tsohon Turanci "so" take nufi, kuma har yau jinin bai bar ta ba. Direbobina sun gane nan take da na ce "the car won't start" ba "mota ba za ta tashi gobe ba" yake nufi, "mota ta ƙi tashi" ne. Niyya take aunawa. Na biyu: *can* fa? Ita asalinta "sani" ne, daidai da iya tamu, wadda ke cikin "na iya ɗinki" da "zan iya zuwa". Ta auna ƙarfin mutum ko damarsa. Na yarda a nan sunan ya ɗan matse, kamar takalmin sallah, amma yana shiga.

Inda sunan ya fi yi mini amfani shi ne wajen ladabi. "Can you help me?" da "Could you help me?" duk roƙo ne, na biyun ya sassauta awo. Mu nan mun saba jingina komai a kan *please*, kamar yadda Asante ke cewa mepa wo kyɛw, har mutum ya ce "please, you must pay" yana zaton ya yi laushi. Haka tarkon "you mustn't come" da "you don't have to come": ɗaya kada ka zo, ɗaya ba dole ba ne.

Jiya na kai sunan aji. Na rubuta "You ___ pay today", na ce kowa ya zuba ma'auninsa. Hajiya ta ce in baƙuwa ce *could*, in 'yar gida ce *should*, in bashin ya shekara *must*, kuma ko *please* ba za ta sa ba.

Saura *ought to*, *have to* da *need to*, masu jan *to* a bayansu. Wani tela ya ce a kira su rabin mudu. Malam na Asawase, kai me ka gani? Asabar mai zuwa zan shiga babinsu.