Fitilar da ake haska baki da ita, da gaske tana gano ciwon daji (kansa)?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Kawuna ne yake da wani farin tabo a cikin kumatu ta hagu, daidai inda yake ajiye shamma, wato garin tabar nan da ake dunƙulawa a baki, ya fi wata biyu bai tafi ba kuma ba ya masa zafi shi ya sa ma yake raina abin. Na kai shi wajen wani likitan haƙori a nan Jidda sai ya ce akwai fitilar da za su haska bakin, ba allura ba yanka, wai tana nuna ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba, amma kuɗinta daban. Kawu da ya ji ba yanka har ya fara murna. To in an haska aka ce lafiya lau, shi ke nan mu kwantar da hankali?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba kawu lafiya. Ni nas ce a ɓangaren haƙori a Makka, na san na'urar. Wadda aka fi sani sunanta VELscope, daga Kanada ta fito, Amurka ta ba ta izini a 2006. Shuɗin haske take fitarwa, in ya sauka a kan lafiyayyen naman baki sai likita ya ga wajen ya yi kore ta cikin gilashinta, inda naman ya canza kuma sai ya fito da duhu. Minti biyu zuwa uku an gama.

Amma fa duhun nan ba ciwon daji kaɗai ke kawo shi ba, jini ma yana shanye hasken, kenan ko kumburi ne ko mutum ya ciji kumatunsa wajen cin abinci zai iya yin duhu, ga mu baƙar fata da yawanmu dasashinmu dama da baƙi-baƙi, shi ma yana ruɗa ta. Sannan tana iya wuce abin da yake akwai, wannan ne ma ya fi ban tsoro. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce kar a dogara da irin waɗannan fitilun wajen yanke hukunci kan tabon da ake zargi. Tabon kawu ido ya riga ya gan shi, ya fi wata biyu, ga shamma, me fitila za ta ƙara? A kai shi wajen likitan tiyatar baki a ɗebi ɗan nama a kai lab.

Baffa Mai Wurno:
Ɗana ka ji maganar ƴar uwarka. Mu a Sudan tumbak ne, ganyen taba da kanwa, ɗanjuma ne da ɗanjummai da shammar taku. A ƙarƙashin leɓe ake dunƙula shi kuma a nan ɗin ciwon yake tsirowa. Kai ko nan Saudiyya ka tambayi mutanen Jizan, can ne kansar baki ta fi yawa, har mata, saboda shamma.

Abu Fahad:
Ni dai gaskiya ina tsoron yankan nan, mun taso muna ji ana cewa in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake. A fara haskawar mana tukuna, in ta nuna sai a yi shawara.

Maman Hanan:
Malam Abu Fahad wannan maganar ta ja wa mutane da yawa jinkiri wallahi. Abin da ke faruwa sai ciwo ya ci jiki ake zuwa asibiti, a ɗebi nama, bayan ɗan lokaci mutum ya rasu sai a ce ai yankan ne. Naman da ake ɗiba ɗan mitsitsi ne, da allurar kashe zafi, ɗinki ɗaya ko biyu ka tafi gida. Kuma ba kowane farin tabo ne kansa ba, da yawa ba ita ba ce, amma lab ne zai faɗa. A Kerala ta Indiya ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida suna duba baki da ido da fitila ta yau da kullum, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna mutuwa daga kansar baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba ko giya. Ban ce na'urar banza ce ba, tana taimaka wa likita ya ga faɗin tabo ko ya zaɓi inda zai ɗiba.

Ɗan Jidda:
Na gode Anti, na gode Baffa. Yanzu rigimar shawo kan kawu ce, ya ce zai daina shammar ya ga ko tabon zai tafi da kansa.

Maman Hanan:
Ya daina ɗin tun yau, amma kar a jira tabon. Ku nemi layin ganin likita satin nan, a kuma shafa masa wuya a ji ko da kaluluwa.