Ɗora bidiyon darasi a sabar jami'a: kowa ya faɗi yadda ya yi

Malamin Lissafi, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum, malamai. A sashenmu an ce kowa ya ɗora darussansa na bidiyo a sabar jami'a, wato babbar kwamfutar da ake ajiye fayiloli a intanet, kafin jarrabawa, don ɗaliban da ajin bai ɗauke su ba su samu abin bita. Ranar Asabar na kafa waya a gaban allo na ɗauki darasi na awa ɗaya da rabi. Da na duba, fayil ɗin ya kai giga 11 da 'yan kai. Na sa shi ɗorawa bayan isha'i, na tashi da asuba na tarar bai wuce rabi ba, kafin in dawo daga masallaci ya katse, ya koma farko. Data ta tafi, aiki bai yiwu ba. Don Allah wanda ya taɓa yin wannan aiki ya ba mu labarin yadda ya yi.

Ma'aikacin sashen kwamfuta, Kabuga

Wa alaikumus salam, Malam. Tun 2020 da aka rufe makarantu saboda korona nake fama da irin wannan, kuma kusan kowa nan yake fara yin tuntuɓe. Abin da waya ta ɗauka ɗanye ne, ba a ɗora shi haka. Wasu wayoyin, in suna ɗaukar bidiyo a ingancin 1080p, suna cin mega 130 a minti ɗaya, ka ga minti 90 ya ba ka abin da ka gani. Sannan saurin ɗorawa daban, na saukewa daban, kuma na ɗorawan ne ya fi ƙaranci a layukanmu. In kana samun megabit 2 a daƙiƙa, giga ɗaya kaɗai sai ya ci awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka yi lissafin 11, kai ne mai lissafi.

Ka sauke HandBrake, manhajar rage girman bidiyo, kyauta ce. Ka saka bidiyon, ka zaɓi Fast 720p30, ya fito a MP4 da H.264, wato tsarin matse bidiyo, domin shi ne kowace waya take buɗewa, har tsofaffin. Akwai wata lamba da ake kira RF: in ka ɗaga ta fayil ya ƙara raguwa, hoto ya ɗan rage kyau. Ni a 25 ko 26 nake barin ta in darasi ne. Kada ka manta ka danna Web Optimized. Wannan ɗan akwatin shi ke maido da bayanan fayil ɗin zuwa farkonsa, sai ɗalibi ya fara kallo nan take ba sai ya jira duka ya sauka ba. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa bidiyon wata malama yake ta juyi bai tashi, ashe wannan ne kawai.

Game da katsewa, ka tambayi masu kula da sabarku ko suna ba da damar SFTP, wata hanyar tura fayil kai tsaye zuwa saba. In suna bayarwa, manhajar tura fayil ta FileZilla tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. In ta shafin intanet kaɗai ake ɗorawa, ka yanka darasin gida-gida, minti 15 ko 20 kowanne. In ɗaya ya katse, asarar kaɗan ce.

Malamar Kimiyyar Halittu, Tarauni

Ni hoto bai taɓa ba ni wahala kamar murya ba. Gidanmu bakin titi yake. Na farko da na ɗauka, adaidaita sahu na wucewa, janareton maƙwabta na ruri, fanka na kaɗawa a kaina. Ni a kunnena lafiya lau, domin na saba da ƙarar, amma wata ɗaliba ta same ni ta ce, "Malama, muna ganin bakinki yana motsi amma ba ma gane abin da kike faɗa." Abin ya tsaya mini a rai, don na san da kuɗin abincinta ta sayi datar.

Na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan hijabi. Wannan ya fi duk wata dabara da na gwada. Yanzu daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai nake ɗauka, kafin yara su tashi shirin makaranta, gari shiru, kuma ba zafi. Da rana a watan Afrilu waya takan ɗau zafi ta tsayar da ɗauka da kanta, sau biyu ta yi mini haka ina tsakiyar bayani. In lokacin kiran salla ya riske ni sai in tsaya, in amsa, in ci gaba a sabon yanki.

Ɗalibi ɗan aji uku, Ɗorayi

Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama in faɗi namu ɓangaren, tunda mu ake yi wa.

Mu huɗu ne a ɗaki, wayar mutum biyu ce kawai take da wurin ajiya. In malami ya ɗora bidiyon giga ɗaya, yawancinmu ba ma buɗewa, sai mu jira wani mai hali ya sauke ya tura mana ta Xender. In kuma an kulle saukewa, sai dai kallo kai tsaye, shi ke nan an bar mu a baya, domin darasin lissafi ba a kallonsa sau ɗaya a gane, kuma duk maimaitawa sabuwar data ce. Akwai wani malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, yakan ɗora abu uku: bidiyon, muryar kaɗai, da takardar darasin a PDF. Muryar awa ɗaya ba ta kai mega 30 ba. Da ita nake tafiya a adaidaita daga gida zuwa makaranta, in na isa in buɗe takardar in bi. Kwas ɗinsa ne kaɗai na bita sau uku kafin jarrabawa.

Dakta, sashen Hausa, Gwale

Yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma zan fara ware muryar in ɗora ta daban daga wannan makon.

Abu biyu suka same ni. Da manhajar OBS nake ɗaukar bidiyon fuskar kwamfuta, kuma batirinta ya mutu, sai da wuta take aiki. Ina minti na 40 aka ɗauke wuta, fayil ɗin MP4 ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya, saboda bai samu rufewa ba. Tun daga nan a MKV, wani nau'in fayil ɗin bidiyo, nake ɗauka, ko ta mutu abin da aka ɗauka yana nan, daga baya in mayar da shi MP4 a cikin OBS ɗin, ba ya ko minti biyu. Na biyu, sunan fayil. Na rubuta shi da ƙ da ɗ kamar yadda ƙa'ida ta tanada, da tazara tsakanin kalmomi, sai mahaɗin ya ƙi buɗuwa a wasu wayoyin. Bai yi mini daɗi ba, ni da nake koyar da ƙa'idojin rubutu, amma yanzu sunan fayil lambar kwas ce da lambar mako, taken da ɗalibi zai gani kuwa in rubuta shi da cikakkiyar Hausa.

Malamin Lissafi, Rijiyar Zaki

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanka shi gida biyar, na bi ta HandBrake, duka bai kai mega 700 ba, kuma ya hau kafin in kwanta. Na ware muryar ma na ɗora ta daban. Saura abu ɗaya: ƙananan lambobin da nake rubutawa a saman haruffa sun dushe, ba a bambance 2 da 3.

Malamar Kimiyyar Halittu, Tarauni

Malam, bar allon. Ka jera littattafai, ka ɗora wayar a kai tana kallon ƙasa, ka sa farar takarda a ƙarƙashinta kusa da taga, ka rubuta da baƙin alƙalamin maka mai kauri. Layi biyar ko shida a takarda ɗaya ya isa. Kafin ka ɗora, ka tura wa ɗalibi ɗaya mai ƙaramar waya ya duba maka.