Neman shawara: daga Kumasi zuwa Kete Krachi, bakin tafkin Volta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Ghana. A watan Disamba in Allah ya kai mu zan je ɗaurin auren ɗan wan babana a Kumasi, ni da maiɗakina da yaronmu ɗan shekara bakwai. To akwai abin da ya daɗe yana min yawo a rai. Kakan mahaifina bafatake ne, ya tafi fataucin goro Gwanja bai dawo ba. Abin da muka gada a gida kawai shi ne wai ya bar Salga ya koma wani gari "Karachi", can Allah ya yi masa rasuwa. Ina yaro na ɗauka Pakistan ake nufi, har ina yi wa 'yan ajinmu alfahari. Sai da na girma na gane Kete Krachi ce, wani ɗan gari a bakin tafkin Volta. Ina so in je ko addu'a in yi masa. Rarar kwana biyu gare ni bayan biki. Za su isa? Ta ina ake bi? Akwai masaukin da mutum zai sauka da iyali? Kuma yaron tun da ya ji an ce tafki ya sa rai da iyo, ya hana mu sakat.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam, maraba da baƙon Kano. Kwana biyu ba za su isa ba, ka cire wannan a ranka tun yanzu. Daga nan za ka bi ta Mampong, Ejura, Atebubu, sannan ka karkata gabas ta Kwame Danso har Kojokrom. A nan hanya ta ƙare, ruwa ya fara. Sai ka jira babban jirgin fito, wanda muke ce wa pontun, shi ke ɗaukar motoci da mutane ya tsallakar da su Krachi. Zuwa yini guda ne cur, dawowa ma haka, kuma fa in ka dace da jirgin ke nan. In ka iso ya tashi, sai ka nemi inuwa ka zauna. Ka ware kwana huɗu, ka bar Kumasi da asuba. Kafin ka tashi ka canja kuɗinka zuwa sidi a nan Kumasi, ka riƙe tsaba da ƙananan canji, kada ka dogara da katin banki. Agogonka kuma ka mai da shi baya da awa ɗaya.

Tsohon malamin tarihi:
Ɗana, labarin gidanku ya hau daidai kan tarihi, ba tatsuniya ba ce. A 1892 aka yi yaƙin basasa a Salga kan sarauta, kasuwar ta watse, fatake suka fashe, da yawansu suka gangara Kete. Gari biyu ne asali: Krachi ta 'yan ƙasa masu bautar Dente, da Kete, zangon baƙi Musulmi. Ba a jima ba Jamusawa suka kafa bariki a wurin, domin a lokacin yankin ya faɗa cikin Togo ta Jamus. A wannan zangon ne Alhaji Umaru Salga ya zauna ya yi limanci, mutumin da aka haifa a Kano wajen 1858, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da ajami, ciki har da Waƙar Talauci da Wadata, ya rasu a can a 1934. In kakanka ya yi tsawon rai, ba mamaki ya bi shi salla.

Amma ga abin da nake so ka shirya wa zuciyarka. Tafkin nan ba na Allah da Annabi ba ne, haƙa shi ma ba a yi ba, tare kogi aka yi. Gwamnatin Nkrumah ta gina madatsar Akosombo, aka gama a 1965, ruwa ya taru ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Yawancin tsohuwar Kete na cikin abin da ruwan ya ci, garin da za ka tarar yau sabo ne a kan tudu. Kada ka tafi da tsammanin wani zai kama hannunka ya ce ga kushewar kakanka. Mai yiwuwa jirgin da za ka hau ma ta kan unguwarsu zai bi. Addu'a kuwa ba ruwanta da nisa, daga bakin gaɓa ma ta isa.

Direban dogon zango:
Baba Malam ya gama magana. Ni kan jirgi zan yi, don na sha tsallakawa da lodin doya. Yallaɓai, da ka isa gaɓa matasa za su yanyame ka, su ce pontun ya lalace, ko sai gobe, ka zo ga kwalekwale mai inji yanzu zai tashi. Wani lokaci gaskiya suke faɗa, wani lokaci ciniki ne. Sau ɗaya na biye musu don gaggawa. Aka loda mu, aka loda buhunan gawayi, babura biyu, da awaki an ɗaure musu ƙafa, har in na sa hannu ina taɓa ruwa ba tare da na sunkuya ba. Wani yaro na zaune a tsakiya da yankakken galan yana ta kwarfar ruwa, tun daga tashi har isa bai huta ba. Muna tsakiya sai ji muka yi ƙasan jirgin ya gurji wani abu, ƙurrr, kowa ya ɗauki salati. Kututture ne. Lokacin da ruwa ya cika ba a sare dajin ba, itatuwan suna nan tsaye a ƙasa shekara sittin, wasu ka ga kawunansu baƙi ƙirin sun leƙo, waɗanda ba ka gani su ne masu kisa. Allah ya tsare ranar, amma ban ƙara ba. Da mace da yaro, ka jira babban jirgi ko kwana zai kama.

Ɗan Zangon Kumasi:
Direba, ka ɗan tsorata shi da yawa. Mutanen tsibirai da ƙauyukan gaɓa ba su da wata mota sai kwalekwalen nan, kullum a ciki suke.

Direban dogon zango:
Su sun iya ruwa tun suna rarrafe. Ka tambayi Bakanon nan ko ya taɓa wuce gwiwa a Tiga. In dole ta kama, to ya duba lodi da idonsa, ya nemi rigar ceto ga kowa, kada ya hau da yamma, kada ya hau in hadari ya haɗo. Sa'arsa ɗaya, Disamba ba lokacin guguwar farkon damina ba ne. Sai dai hazon hunturu, wata rana ba ka hango ɗaya gaɓar.

Malamar asibiti:
Ɗan'uwa, batun iyon yaro a bar shi. Tafkin Volta ya yi suna da tsargiya. Tsutsar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ciyawar bakin ruwa, ta fito ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wurin da ya fi haɗari shi ne daidai inda yaro zai so, wato gefen da ba zurfi. Za ka ga yaran garin suna ta tsalle a ciki, naka zai yi kuka, ka bar shi ya yi, alawa ta fi fitsarin jini arha. Ko alwala kada ku yi da shi, ku yi da ruwan famfo ko na leda. In tsautsayi ya sa wani ya shiga, bayan kun dawo ku je a gwada, akwai magani, praziquantel, ba wuya. Ku tafi da gidan sauronku, kada ku dogara da na masauki. Kuma katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ku uku duka, ana tambayarsa a shiga Ghana.

Hajiya mai atamfa:
Ƙanena, ni ta ɗaya ɓangaren na shiga, daga Ankara, babban birnin Ghana, ta Hohoe zuwa Dambai, hedikwatar jihar Oti da aka ƙirƙiro a 2019. Can ma sai da muka tsallaka ruwa da pontun, babu dai yadda za ka kauce wa jira. Masauki akwai, ƙanana ne, ɗaki da fanka da bokiti. Wanda na fara sauka na biya kafin in duba, na shiga na tarar famfo ko ɗigo babu, tagar kuma ragarta a yage. Ka shiga ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka ɗaga zanen gado, sannan ka ciro kuɗi.

Abinci kuwa maiɗakinka ba za ta yi kewar gida ba. Da safe koko da ƙosai, da sunansu na Hausa ake sayar da su. Shinkafa da wake suna ce mata waakye, suna dafa ta da karan dawa ta yi ja. Ga tuwon zafi, ga doya kamar a ba ka kyauta, don ƙasar doya ce. Amma abin da za ka je dominsa shi ne karfasa. Ka sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, ka zaɓa tana motsi, a gasa maka da yaji da albasa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kifi da ake soyawa ƙarau, sunansu ma na nufin mutum ɗaya ya ci dubu, ka saya wa yaron ya huce haushin iyo. Kuma ka gaya wa matarka kada ta ji wani iri in an nuna ta an ce "ya zo". Hausar can ba ta cika raba mace da namiji ba, ni sai da na kwana biyu ina waiwaye ina neman wanda ake nufi.

Tsohon malamin tarihi:
Na manta abu ɗaya. Kada ka shiga gari kana tambayar mutane a titi kamar ɗan jarida. Ka yi salla a masallacin zango, ka gaida liman, ka ce a kai ka wurin Sarkin Zango, ka riƙe goronka. Ka tafi da sunan kakan, da laƙabinsa, da unguwar da ya fito a Kano, domin a zango da laƙabi da garin asali ake tuna mutum. In ya yi aure a can, kana iya tarar da dangi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na yi magana da maiɗakina, mun mai da shi kwana huɗu, zan nemi ƙarin hutu a wurin aiki. Kwalekwale kuwa Direba ya gama da ni, ko a Tiga ban taɓa wuce idon sawu ba. Baba Malam, maganar goro ta sa ni dariya, jikan mai fataucin goro zai kai goro Gwanja. Na kira gwaggona a Ƙoƙi, ita ce babbarmu da ta rage, ta ce tana tuna laƙabin da ake kiransa da shi, har ma akwai wata tsohuwar wasiƙa ta ajami a cikin adakar kakarmu. Gobe bayan la'asar zan je mu buɗe.