Baƙin ciwon koko ya ƙi jin ruwan darbejiya, a taimaka min

Salamu alaikum 'yan uwa manoma, don Allah shawara nake nema. Gonar kokona tana Kurmi ne a Taraba, tun da ruwan Agusta ya kankama ciwon nan ya shigo min. Ɗan tabo ne ruwan ƙasa yake farawa daga wajen gindin ƙwallon, kafin sati biyu duk ya yi baƙi ƙirin, da safe ka ga farin fumfuna a kai kamar an barbaɗa gari.

Maganin feshi na kanti ya fi ƙarfina bana, shi ya sa na koma darbejiya, ina daka ganyen in jiƙa ya kwana in tace in sa ɗan sabulu in fesa duk sati, waɗanda suka kamu kuma ina tsinkewa in binne nesa, amma wallahi ruwa na sauka sai ya wanke komai, jiya ma kwando biyu na zubar, abin ya dame ni sosai.

Wanda ya taɓa gwadawa, 'ya'yan darbejiyar ne suka fi ƙarfi ko ganyen? Nawa ake zubawa a tankin baya mai lita 15? Tafarnuwa fa, a haɗa? Me ake sawa ya kama jikin ƙwallon?