Magana zarar bunu ce: har a zamanin waya?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya a huɗuba liman ya ja kunne kan saƙonnin murya da ake ta yaɗawa a zango, unguwanninmu na Hausawa a nan Ghana, ya ce magana zarar bunu ce. Muna fitowa wani yaro ya ce wai zancen ya tsufa, tunda WhatsApp na bari ka goge abin da ka tura. Har cacar baki aka yi a ƙofar masallaci. Me kuka gani?

Malam na Alabar: Goge me? Kafin ka ɗaga yatsa an ɗauki hotonsa, ya isa unguwar Nima a Accra.

Telan Asawase: Malam, a gafarce ni, ai karin maganar don baki aka yi ta. Mai rubutu yana da damar dubawa ya gyara. Mu ne muka koma rubutu da saurin baki.

Hajiya Mai Koko: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Fataucin goro ta yi, ba ta iya karatu ba. In za ta aika wa ƙanenta saƙo Salaga, almajiri take kira, ya zo da tawada da alƙalamin kara, tana faɗa yana rubutawa da ajami, sannan ta sa ya karanto mata. In da fushi a ciki, kamar lokacin da suka yi rigima kan bashin goro, ba ta ba direba ranar. Sai ta naɗe ta saka a kwalla ta ce, "Bari ta kwana." Da kaset ya shigo, kawuna ya aiko daga Libiya a ɗauki muryarta, ta ƙi. Ta ce abin da ba ya kwana ba ta yarda da shi ba. Bayan rasuwarta mun tarar da wasiƙu cike da kwallar, ba wadda ta tafi.

Mate ɗin Trotro (yaron motar haya): Allahu akbar. Amma Hajiya, su honorabul nasu bunun komawa yake. Kwatar unguwarmu kowane zaɓe sai an yi mata alkawari. Ka nuna masa bidiyonsa, ya ce na'ura ce ta haɗa muryar 😂

Ɗan Aboabo: Kai dai ba ka rabuwa da siyasa.

Malam na Alabar: Alhaji Umaru na Kete Krachi, malami marubucin waƙoƙi, ya rasu tun 1934, waƙoƙinsa na nan a hannun malamai. Saƙon muryarku na jiya wa zai neme shi baɗi?

Telan Asawase: To Malam ka dawo gefena ke nan, ko kuwa? Yanzu rubutu ne ba ya komawa, magana iska ke kwashewa?

Mate ɗin Trotro: Hajiya, me ke cikin wasiƙun? Nan ne labarin yake.

Hajiya Mai Koko: Ɗan nan, gulma za ta kashe ka. An ɗauke wuta tun la'asar, cajina ya kusa ƙarewa, gasarata ma ban tace ba.